Ƙwan da Suka Yi Jego da Ni

Bana damina ta zauna sosai. Tun safe ake yayyafi, tsakar gida ta yi laushi, kaji sun taru ƙarƙashin rumbu sun takure wuya. A ɗakin ƙofa 'yata Nafisa ta ajiye injin ƙyanƙyasa da ta sayo daga Maradi, fari fat, wayarsa ta bi ta taga ta hau rufi inda farantin hasken rana yake. Yana da wata 'yar ƙara kamar numfashin mai barci. Jiya na miƙa hannu zan ɗaga murfin, ta riƙe ni.

"Mama, kar ki buɗe. Shi ke juya ƙwan da kanshi."

"Ɗumin fa, wa ke dubawa?"

"Shi ɗin dai. Ga lamba nan tana nunawa."

Na janye hannuna. Warin jiƙaƙƙiyar ƙasa da ɗumin da ke fitowa ta gefen injin suka haɗu a hancina, sai ga ni a wata damina ta daban, fiye da shekara ashirin baya, a ƙauyenmu na ƙasar Gangara, ina kwance bisa gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi.

Shekarar da ta gabaci wannan damina fara ce ta ci gero. Kafin ruwan shuka ya sauka an share rumbu har ƙasa. Da bazara kuma ciwon kaji ya shigo gari. Kaza za ta yi farin kashi, ta murɗe wuya, ta yi ta zagaye wuri ɗaya har ta faɗi. Cikin 'yan kwanaki unguwarmu ta yi tsit, ko zakaran da zai tada mutane da asuba babu. Wanda bai zauna ƙauye ba zai ce ai kaji ne kawai. Mu kuwa kaza ce sabulunmu, ita ce magani in yaro ya yi zazzaɓi, ita ce tiyar gero ranar da tukunya ta ƙi hawa murhu.

Mijina Lawali mai gyaran rediyo da fitila ne a kasuwannin mako. Mutum ne marar magana. Ni kuwa na taso da karatun ƙananan littattafan soyayya da 'yan kasuwa ke shigowa da su daga kudu, na cika wani tsohon kwano da su. A cikinsu miji yakan dawo da tsaraba a bayan hannu, ya kira matarsa da sunayen da ba na yanka ba. Na yi shekara a gidan Lawali ina saurare. Abin da ya fi tsawo da ya taɓa faɗa mini shi ne bayanin yadda batir ke mutuwa in an bar shi a rana.

Wata rana ya dawo daga Gazawa ya ce ya ga wani akwati wurin mutanen furoje masu aikin raya karkara, ana zuba masa ƙwai, fitilar kananzir na ba shi zafi, bayan sati uku sai 'yan tsaki. Bai huta ba sai da ya haɗa nasa da katakon akwatin sabulu, da ragar waya, da gwangwani da ya naɗe ya yi wa zafi hanya. Mahaifiyarsa, wadda muke kira Inna, ta zagaya akwatin tana riƙe da ƙugu.

"To, wancan ya ƙera muna kazar katako," in ji ta. Ba ta faɗar sunansa, ɗan fari ne. "Saura ya koya mata tono."

Ƙwan daga rugar Fulani suka zo, can arewa da gari inda ciwon bai kai ba. Dije mai kawo mana nono ce ta tattaro su cikin ƙwarya da ƙaiƙayi, ladan gyaran rediyon mijinta. Ta leƙa akwatin ta tuntsire da dariya.

"Kaza ba gashi, ba baki? Kai Haɓe. To Allah ba da sa'a. In ta yi ɗiya, ku ba ni jika ɗaya."

Lawali ya shafa wa kowane ƙwai gawayi a gefe ɗaya, don a san wanda aka juya da wanda ba a juya ba. Safe, azahar, yamma, yana tsugune gaban akwatin nan. Duk abin da ya rage mana na fata a shekarar yana ciki. In suka fito, muna da irin kaji. In ba su fito ba, babu inda za a sake samo wasu, babu kuma abin samowa.

Lokacin cikina ya tsufa, cikin fari. Bisa al'ada gidanmu ya kamata in tafi haihuwa, amma uwata ta rasu, babu mai yi mini wanka a can. Inna ta ce ita za ta yi. Tun rani Lawali ya tara itacen jego a bayan ɗakina, ya lulluɓe shi da tsohuwar tabarma. Ni kuma na zaɓi suna a wani littafi na ɓoye a raina, ina jiran ranar da zan raɗa wa Inna ko za ta sa baki a yarda.

Kwanaki kaɗan da zuba ƙwan na haihu. Mace ce. Ta zo ranar Talata da hantsi, ta koma ranar Alhamis kafin la'asar. Ba ta kama nono sosai ba, kukanta ma siriri ne, sai ka matso za ka ji. Ba ta kai suna ba. Inna ta ɗauke ta daga gefena, aka yi abin da ake yi, Lawali ya karɓe ta a hannu biyu, shi da maza kaɗan suka fita. Mata suka shigo suna cewa, "Allah ya sa mai ceto ce." Wata ta ce gara ruwa ya zube tulu ya tsira. Ina ta cewa amin.

Na jira kuka. A littattafaina in irin wannan ta faru mace takan faɗi a sume, ta farfaɗo kanta bisa cinyar mijinta, hawayensa na ɗiga a goshinta. Ni ina kallon rufin ɗaki, inda ruwa ya yi wata shaida mai kama da kan raƙumi. Na nemi baƙin cikin a ƙirjina kamar mai laluben allura cikin tabarma, ban same shi ba. Babu komai a wurin.

Jego kuwa ba ya tsayawa don jariri ya tafi. Jiki ɗanye ne, in ji Inna, sanyi ba ya tambaya ko akwai goyo. Da safe za ta tafasa ruwa a babbar tukunya, ta tsoma ganyen dogonyaro ta riƙa fyaɗa mini har fatata ta yi ja. Da yamma haka. Tsakanin wanka da wanka ina kwance bisa gadon ƙasa, ta cika ramin ƙarƙashinsa da garwashi. Ta ɗaure mini ƙirji da zane tamau don nono ya ƙafe. Kunun kanwa da ake ba mai jego ya zama ruwa-ruwa, rabinsa dusa. Nama kuwa ko ƙanshinsa. Abincin gida anza ce da aka jiƙa kwana da kwanaki don ɗacinta ya fita, da kwaɗon tafasa ba ƙuli. Lawali kan yi sammako ya tafi barema, wato ƙwadago, gonakin masu hali, ya yini yana noma da ruwa kawai a cikinsa, ya dawo da abin da ya samu ƙulle a bakin rawani, sannan ya leƙa tamu gonar da ciyawa ke neman cinyewa.

Bai shigo ɗakina ba. Ɗakin mai jego na mata ne, ga kuma kunyar Inna. Yakan tsaya bayan asabari ya ce, "Ya jiki?" In ce, "Da sauƙi." Sai in ji takunsa ya nufi wurin akwati.

Ana nan gulbi ya cika ya raba mu da hanyar kudu, masu kawo kananzir suka daina zuwa. Ɗan wanda ya rage a gari ya fi ƙarfinmu. Wata ranar kasuwa da rana tsaka na ji muryarsu a tsakar gida.

"Ba ka samo ba?" in ji Inna.

"Babu."

"Na cikin fitilar fa?"

"Ba shi kai gobe."

"Saura nawa su hito?"

"Sun wuce rabi."

Ruwa na ta zuba daga indararo. Ƙwan sun wuce a ci, ba su kai su fito ba. Can Inna ta ce, "Wuta ɗaya gare mu a gidan nan da ba ta mutuwa." Na ji ya ce wani abu ƙasa-ƙasa. Ta ce, "Ita za ta ce a'a, ba kai ba. Ɗauko kazar taka."

Ita ta shigo da akwatin a ka, ta sauke shi a ƙarshen gado wajen ƙafafuna. Ta dube ni, na dubi akwatin. Ban ce a'a ba, ban ce to ba. Da kura ta kawo ta ɗaure a wurin ma haka zan yi.

Daga bayan asabari Lawali ya koya mini aikin. Ban taɓa jin ya yi magana mai tsawon ta ranar ba.

"Sa'ade, kina ji? Ki ɗauki ɗaya ki ɗora bisa fatar idonki. In kin ji kamar tafin hannun mutum, daidai ne. In ya cije ki, zafi ya yi yawa, ki ɗaga akwatin. In kin ji shi kamar dutse, ki matso da shi. Ki juya su, gawayi sama da safe, gawayi ƙasa da azahar. A hankali, kar ki girgiza."

Wutar jego ta fi ƙarfin ƙwai nesa ba kusa ba. Na rasa abin da zan ɗaga akwatin da shi, sai idona ya faɗa kan kwanon littattafaina. Na jera su ƙarƙashinsa. In Inna ta ƙara garwashi, in ƙara littafi biyu ko uku. In wuta ta lafa, in zare ɗaya. Bangayensu suka yi ta gasuwa, 'yan matan da ke jiki masu jan baki da gwaggwaro suka koma ruwan ƙasa. Na gan su suna ƙonewa a hankali, ban ji komai ba.

Daga ranar tambayar Lawali ta sake. Yakan tsaya bayan asabari, jiƙe sharkaf, ya ce, "Kin juya?" In ce, "Na juya." Da azahar in yana gona, Inna ce ke tambaya a madadinsa, tana yi tana tsaki, wai ita ma an mai da ta 'yar aikin kazar katako. Ranar da aka yi tsawa mai ƙarfi kuwa ita ta ruga ta ɗauko tsohon bakin hauya ta tura ƙarƙashin akwatin, ta ce ƙarfe ke tare wa ƙwai tsawa.

Muka riƙa samun saɓani da ita kan wuta. Tana zubawa, ina cewa ya isa.

"Ke nike gasawa, ba ƙwai ba," in ji ta. "Su in sun mutu a samu wasu."

"Ina za a samu, Inna?"

Ta kwashe rabin garwashin ta fita da shi.

Ƙwai biyu suka yi wari, na fitar da su. Wani hantsi rana ta ɗan leƙo ta wata ɓula a jikin ƙofa, na tara ƙwai ɗaya a hasken. Ciki duhu ne, sai wani ɗan fili a sama. Ina kallo duhun ya motsa. Na mayar da shi wurinsa, gawayi sama, na kwanta na ci gaba da kallon kan raƙumin da ke rufi.

Itace ya fara ƙarewa. Karan da ake girki da shi ya jiƙe, kashin shanu ya zama taɓo, don haka daga itacen jego ake ɗiba har na tuwo, in an samu tuwon. Inna ta tsaya bayan ɗaki ta auna abin da ya rage da ido, ta shigo ta zauna bakin gado.

"Ba shi isa wanka biyu da gado," ta ce.

"A bar wankan yamma."

"Ji min ɗiyar nan. In sanyi ya kama ki, mi zan ce ma dangin uwarki?"

"Ki ce na yi wanka."

Ina jin ita ce magana mafi tsawo da na yi tun ranar Alhamis ɗin nan. Ta tashi ta fita. Jim kaɗan na ji sara a tsakar gida, da muryar Lawali yana cewa, "Inna, turminki ne fa." Turmin da ta zo da shi gidan aure, na kirya, baƙi wuluk don daɗewa.

"Mi muke dakawa a ciki?" in ji ta. "Karɓi gatarin, hannuna ya gaji."

Itacen kirya yana daɗewa yana ci. Da turmin nan aka riƙe gadon, ba a kuma fasa wankan yamma ba.

Da lokaci ya matso Lawali ya ce in daina juyawa, in ajiye ɗan kasko da ruwan ɗumi a cikin akwatin, kada in yawaita buɗewa. Sai ya zama ba shi da abin tambaya. Duk da haka yana zuwa. In ga ƙafafunsa ta ƙarƙashin asabari, laka har idon sawu, ya tsaya, ya tsaya, sannan ya juya. Ranar da ya ƙiyasta ta zo ta wuce. Babu abin da ya motsa. Inna ta daina zolaya, wannan ya fi komai nuna mini ta fid da rai. Na ji tana ce masa ya yi haƙuri, an yi iya yi, gobe za ta fitar da akwatin ta samu wurin shanya. Ni dai na ci gaba da ƙara littafi da zarewa. Hannuna ya saba.

Washegari aka tashi da ruwa kamar da bakin ƙwarya, ba wanda ya je gona. Bayan wankan safe ina kwance, sai na ji wani sauti siriri wajen ƙafafuna. Na ɗauka ƙarar garwashi ce. Ya sake yi. Na tashi na ɗaga murfin, duk ƙwan suna nan lafiya lau, ba wanda ya tsage. Na ɗauki ɗaya na kai kunne. Daga cikin ɓawon ne. Kuka ne ƙarami, sai ka matso za ka ji.

Wani abu ya tsarga mini a ƙirji kamar an soka ƙaya. Na duba, zanen da Inna ta ɗaure ni da shi ya jiƙe gida biyu, nono na bin cikina. Nonon da muka ɗauka ya ƙafe. Idona a bushe yake. Na zauna da ƙwai a kunne, jikina yana yin abin da ya ga dama.

Haka Inna ta same ni. Ta dubi zanen, ta dubi ƙwan, ta sa gefen mayafinta ta rufe baki. Sannan ta yafa mini wani zane a kafaɗa, ta ɗaga asabari ta ce, "Kai, wancan. Shigo."

"Ciki?"

"Ciki na ce. Ni zan tahi in duba tukunya."

Babu tukunyar da ke kan wuta.

Ya shigo a sunkuye, ya tsuguna gaban akwatin, ni ina bakin gado. Muka zuba ido. Ɗaya ya fasa 'yar ɓula, ɗan baki ya leƙo ya koma. An daɗe kafin ɓawon ya rabu, wani abu jiƙaƙƙe, mummuna, ya faɗo ya kwanta yana haki. Lawali ya kai yatsa kusa da shi bai taɓa ba. Bai dube ni ba ya ce,

"Na buɗe fuskarta a hanyar maƙabarta. Hancinki gare ta."

Ban taɓa karanta wannan a littafi ba, ban san amsarsa ba. Na ce, "Saki asabarin da kyau, iska na shigo musu."

Ya tashi ya gyara shi. Ya dawo ya zauna, wannan karon bisa gadon, har la'asar.

Waɗanda suka fito ba su kai rabi ba. Cikinsu ma shirwa ta ɗauki rabonta daga baya. Amma sun isa. Inna ta riƙa murza musu tsakin da take ragewa daga kununa, suna kwana a akwatin bisa littattafan har na gama arba'in. Lokacin gero ya fid da kai, muka gasa tumun farko. Da kaka Dije ta zo ta karɓi jikarta, wata wake-wake, ta ɗaga ta tana dubawa ko da ƙusa a jikinta. Kajin da ke fake ƙarƙashin rumbuna yau, in aka bi su baya, daga gadon nan suka fito. Maƙwabta da dama ma a wurinmu suka samu iri.

Inna ta daɗe da rasuwa. An rushe gadon ƙasar tun sanda muka sake ginin ɗaki, yanzu likita ma hana irin wannan gashin suke yi. Nafisa, wadda na haifa bayan shekara biyu, ta san tana da yaya da ba ta zauna ba, iyakar abin da ta sani ke nan. Sunan da na zaɓa ban ba ta ba, ban kuma faɗa wa kowa ba.

Ɗazu da azahar ruwa ya tsagaita. Lawali ya shigo ɗakin ƙofa da sandarsa, gemu fari, ya same ni zaune gaban injin Nafisa. Muka ji ya yi 'yar ƙara, tiren ƙwan ya karkata da kansa daga dama zuwa hagu. Ya daɗe yana kallo.

"Ba ya buƙatar kowa," ya ce.

"Haka ta ce."

Ya jawo kujera ya zauna kusa da ni. Nafisa ta ce sai jibi za su fara fitowa. Muka kasa kunne duk da haka.